Kafar Allura

Allura biyu ce a gidanmu na Narin.
Ɗaya tawa, ta ɗinkin shimfiɗar ulu,
ɗaya ta Aizirek, mai shiga fatar ciki
sau huɗu kafin a kashe fitila.

Tun tana shekara biyar take zura mini zare.
Ta lashi bakinsa, ta kanne ido ɗaya,
ta miƙo mini tana hura hanci.
Ni saba'in ta riga ta ci rabin ganina,
da idonta nake ɗinka ƙahon rago, ja a kan baƙi.

Ciwon sukari ya same ta tana bakwai.
Muka koyi auna burodi da yatsu,
muka koyi ɓoye zuma a bayan buhun gishiri.
Sanyin da ya kashe mana tumaki tara
shi ya daskarar da insulin a bakin taga.
Na ɗumama kwalbar a hammata,
muka ci gaba da yi mata,
ba wanda ya gaya mana maganin ya riga ya mutu.

Wata Laraba zaren ya bi ta gefe.
Ta sake. Ya bi ta gefe.
Ta ce, "Kaka, wannan allurar ba ta da kafa."
Na yi dariya.
Allah ya yafe mini dariyar nan.

Daga baya shayi ya fara sauka a bayan kofi.
Malama ta aiko: an dawo da ita bencin gaba,
amma har yanzu littafin maƙwabciya take leƙe.

Awa shida zuwa Bishkek, kanta a cinyata.
Likita Gulsara ta ɗiga mata magani,
baƙin idon ya buɗe kamar bakin rijiya.
Ta ce mini, "Zo ki duba."
Na duba. Farin ɓurɓushi,
irin ƙanƙarar farko a kan baƙin bargo.
"Yana ce," in ji ta.
Na ce, ai yana tamu ce, mu tsofaffi,
tawa nake jira tun bara,
ta yaya ta tsallake ni ta faɗa wa 'yar shekara sha ɗaya?

Ta ce sukari in ya daɗe a sama
yakan jiƙa idon har ya gurɓace.
Ban nemi ƙarin bayani ba.
Na san ulu: in ya sha ruwan zafi ya dunƙule,
ba ya komawa gashi.
"Yanar za mu cire," ta ce.
"Abin da ke bayanta nake son gani,
jijiyoyin da suka fi zarenki siranta."

Ubanta Bolotbek ya kira daga wurin gini a Mosko,
yana ta tari, wai ƙurar siminti ce.
Na sayar da babbar shimfiɗa, aikin shekara biyu,
ban tsaya ciniki ba.

Ran da aka kwance bandejin hagu
ta daɗe tana kallona.
Ta ce, "Kaka, ashe fuskarki duk layi ne."

An ba mu hoton bayan idon:
wata ne ja-ja, da ƙoramu a kwance.
Likita ta ɗora bakin biro a kan ɗigo biyu.
"Waɗannan za mu riƙa gaisawa da su duk shekara.
Kada ku jira sai sun yi magana."

Na dama sai ƙanƙara ta narke a kan hanya.

Yanzu kwalbar tana kwana a jakar ulu, nesa da taga.
Ɗinkin jakar a karkace yake.
Ni na zura zaren da kaina, tana barci,
sai da shayina ya huce sau biyu.